Kaji da Kare da Zomo a Gida Ɗaya: Yadda Za Ka Hana Muzuru da Shaho Rabo

Shekarar da muka koma sabon gida a gefen Garwa, a arewacin Kamaru, can inda gari ke ƙarewa gonaki su fara, uwargida ta taho da kaji 14 da zakara ɗaya. Kafin ruwan farko ya sauka saura 5. Kowa a gidan yana da wanda yake zargi. Yara suka ce shirwa ce, ita ta ce karen da na kawo don gadi ne, maƙwabcinmu kuma ya rantse tunku ne, har yana cewa zomayen da ke shigowa lambu da dare su ke jawo shi. Da na zauna na bi abin a tsanake sai na tarar kowa yana da 'yar gaskiyarsa, amma babban mai laifi shi ne wanda ya rufe bakin akurki da tsohon kwano ya ɗora dutse ya tafi ya kwanta. Wato ni. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da na koya tun daga lokacin shi ne kada ka dogara da halin dabba. Kare mai hankali yana da ranar wautarsa, tunku kuma ba zai tuba ba. Abin da ke hannunka shi ne rabon wuri da rabon lokaci: wa ke ina, kuma da wane lokaci. Ga yadda zan bi da na sake farawa daga tushe.

Mataki na farko: san ɓarawonka

Mutane da yawa na fara sa tarko ko dukan kare tun ba su san wanda ya yi ɓarnar ba. Kowane mai cin kaza yana da irin sa hannunsa, kuma da safe, kafin a yi shara, ake karanta shi.

In ɗan tsako ya ɓace da rana tsaka, babu jini babu gashi, uwar tana ta kuka tana duban sama, wannan shirwa ce ko shaho. In ka tarar da kaji biyu ko uku a warwatse a tsakar gida, an cije su a baya ko a wuya, gashi ko'ina, amma ba a ci naman ba, kare ne. Shi wasa ya yi, ba yunwa ta sa shi ba. In a cikin akurki ka same su da safe, da yawa a mace, cizon duk a kai da wuya, to ƙaramin abu ne ya kutsa ta wata kafa: inyawara, ko tunku, ko bodari, wanda shi warinsa ma ya isa shaida. Kaza babba ta ɓace ɗungurungum da dare, ga tono a gindin danga, ga gashi ya yi layi zuwa daji, sai ka tuhumi dila ko muzurun daji. Ƙwai ya ɓace babu ko ɓawo, maciji ne ko damo ko guza, musamman in gidanka na kusa da kogin Binuwai ko wani rafi. Ƙwai a fashe an shanye, hankaka ne, ko karenka. 'Yan tsaki da aka gaigaye wa ƙafa, ko aka ja zuwa bakin rami, aikin ɓera ne ko gafiya.

In kuwa ƙofa a rufe take yadda ka bar ta, babu tono babu gashi, kuma mafi ƙiba ce ta tafi, ana saura kwana uku salla, to wannan ɓarawon ƙafarsa biyu, kuma maganinsa kwaɗo.

Akwai dabara mai sauƙi in kana shakka. Da yamma ka share kewayen akurki, ka barbaɗa toka ko yashi mai laushi, faɗin taku ɗaya. Da asuba ka zo da tocila. Sawun kare da na dila suna nuna farce a gaban yatsu. Na kyanwa da muzuru a dunƙule yake, babu farce, don su suna janye nasu in suna tafiya. Damo da guza suna barin layin jela a tsakanin sawun ƙafafu. Maciji kuwa ka san nasa. Dare biyu ko uku sun isa ka san da wa kake yi.

Mataki na biyu: akurkin kwana

Nan ne ya kamata kuɗinka da ƙarfinka su fi tafiya, don yawancin asara da dare take. Kaza ba ta gani sosai in duhu ya yi. Wadda da rana sai yara uku sun yi gumi kafin su kama ta, da dare ko ƙaramin yaro zai ɗauke ta kamar ƙwarya. Saboda haka kazar da ke kwana a kan dalbejiya ko a bayan rumbu, ta Allah ce kawai.

Ko da tubalin ƙasa za ka gina, ka yi wa gindin harsashi da dutse, ka daɓe ƙasan ciki da siminti in da hali. Ɓera da gafiya ta ƙasa suke zuwa, kuma ramin da suka buɗe shi maciji ke bi. In babu siminti, ɗaga akurkin a kan ƙafafu kamar rumbu, ya yi kamar santimita 60 zuwa mita 1 daga ƙasa, ka naɗa wa kowace ƙafa guntun kwano mai santsi don kada a hau. Wannan kuma na taimako da damina, lokacin da ruwa ke kwanciya a tsakar gida, bangon ƙasa ya jiƙe ya yi laushi har kare ya iya tone shi cikin dare ɗaya.

Sai maganar iska, wadda a ƙasarmu ba wasa ba ce. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa na wuce digiri 40, kuma akurkin da aka rufe ruf da kwano tanda ne. Na san wanda ya tsare kajinsa daga tunku ya wayi gari zafi ya kashe su. Ka bar tagogi manya a sama, ɓangare biyu masu fuskantar juna, ka rufe su da ragar waya, ka shimfiɗa ciyawa ko zana a kan kwanon.

Ragar ma iri-iri ce, kuma a nan ake cutar mutane. Siririyar nan mai manyan idanu da aka fi sayarwa, kaji take hanawa fita, ba ta hana kowa shiga. Kare na yaga ta da haƙori, tunku na ratsa ta. Nemi mai kauri, wadda aka yi wa walda, mai ƙananan idanu kamar milimita 13. Ta fi tsada, amma tagogi da ƙofa kawai za ka sa wa. Bayan ka gama, ka shiga ciki da rana ka sa a rufe ka. Duk inda ka ga haske na shigowa, gwada da babban yatsanka. In ya shige, toshe. Ka fi lura da inda rufi ya haɗu da bango, don inyawara gwanar hawa ce, kuma mai gini yakan bar wurin a buɗe.

Murabba'in mita 1 ya ishi kajin gida 4 zuwa 5 in kwana kawai za su yi. Sa musu sandar hawa, kowace kaza ta sami kamar santimita 20 zuwa 25, don kaza a sama take son kwana kuma hakan na raba ta da kashinta. Wurin saka ƙwai ya kasance a ciki, ɗaya ga kaji 4 ko 5. Tsohuwar tukunya da aka kwantar ta isa. Kazar da ta je bayan danga ta yi kwanci a ɓoye, kwana 21 za ta yi a ƙasa dare da rana, kuma da wuya ta cika su. In ka gano ta, ka ɗauke ta da ƙwanta da dare ka mayar ciki.

Ƙofa ta zama ta katako ko ƙarfe, da sakata. Dutse da kwano ba ƙofa ba ne, ni shaida ne.

Kuma a sa mutum ɗaya a kan rufewa. In aka ce aikin kowa ne, ranar da aka yi baƙi ko aka tafi biki ba wanda zai tuna. A gidanmu 'yar autarmu ce: ana kiran magariba ta ƙirga su, ta sa sakata, ta zo ta ce, "Baba, sun cika." In ba su cika ba, ba a cin tuwo sai an nemo. Don su saba shiga da kansu, a riƙa watsa musu ɗan tsaki ko dusa a bakin akurkin da yamma. Cikin mako ɗaya za ka ga suna jiran ka a wurin.

In kana da halin yi musu fili mai shinge, tsawon ragar ya kai mita 1 da rabi zuwa sama, sannan ka lanƙwasa gindinta ka kwantar a ƙasa ta waje, faɗin santimita 40 zuwa 50, ka rufe da ƙasa da duwatsu. Kare da dila a gindin shinge suke tono. Sun tona sun ci karo da waya, ba sa tunanin ja da baya su sake farawa.

Mataki na uku: 'yan tsaki da abin da ke sama

Shirwa ba ta cika ɗaukar babbar kaza ba, 'yan tsaki take so, kuma ta fi samun su da rani, bayan an girbe dawa, an ƙone ciyawa, fili ya zama fetal babu wurin ɓuya. Da damina ganyen masara da kuɓewa na rufa musu asiri.

Hanya mafi inganci ita ce kada a bar uwa ta yi yawo da su har sai sun yi makonni 4 zuwa 6. A kife su da babban kwando a inuwa, ko a yi musu ɗan keji mai rufin raga da za a riƙa matsarwa. Amma wanda ya tsare ɗan tsako ya ɗauki nauyin cikinsa: tsakin dawa ko masara, ɗan garin kifi ko ƙuli-ƙuli, ƙwarin gara in an samu, da ruwa a kasko marar zurfi da aka zuba wa tsakuwa don kada su nutse. Uwar ma ta fi saurin komawa saka in ba ta sha wahalar yawo ba.

Ga waɗanda suka fara fita, yi musu mafaka nan da can: rumfar zana mai gajerun ƙafafu, tarin ƙayar magarya, tsohon amalanke. Kada ya zamana daga inda suke kiwo zuwa wurin ɓuya akwai nisa. Kuma ka bar zakara ɗaya babba. Ka saurare shi za ka ji kukan da yake yi in ya ga abu a sama daban ne da wanda yake yi in abin a ƙasa yake, kajin kuma sun san bambancin: na farko su ruga ƙarƙashin wani abu, na biyu su miƙe wuya suna dube-dube. Zabi ma 'yan gadi ne na gaske, in kana iya jure surutunsu. Wasu na shafa wa 'yan tsaki shuɗi ko jan launi wai shirwa ta kasa gane su. Mun gwada, ba zan ce bai yi komai ba, amma ban ga ya kai kwando ba. An ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Gaskiya ne. Sai dai ba a ce ka miƙa shi ga shahon ba.

Mataki na huɗu: kare

A gidajenmu da yawa kare ba abin shiga ɗaki ba ne, na gadi ne ko na farauta ko na kiwo, kuma wannan ma ya sauƙaƙa aikin. Tsarin da ya fi kowanne, wanda ko kare bai da horo zai yi aiki, shi ne karɓa-karɓa: rana ta kaji ce, dare na kare ne. Da asuba a fara ɗaure kare a inuwa da ruwansa, sannan a buɗe akurki. Da magariba a fara rufe akurki, sannan a ba kare abinci a sake shi. Kada a juya wannan jeri ko sau ɗaya. Da dare warinsa da haushinsa kawai sun isa su sa dila da muzuru su canza hanya, kuma tun da muka fara haka ba mu sake ganin tono a gindin danga ba.

Ba da abincin bayan an rufe kaji yana da dalili. Kaza ba ta da kunya, za ta sa baki a kwanon kare yana cikin ci, shi kuma kafta ɗaya zai yi ya karya mata wuya, ba don mugunta ba. Kwanonsa daban, wurin shansa daban. Kuma a ciyar da shi da gaske. Karen da aka bari da ƙanzo da ruwan wanke-wanke, in ya ci ƙwai bai yi laifi ba.

In kana son ya kai matsayin da zai zauna da kaji da rana, sai ka yi haƙurin horo. Ɗan kwikwiyo ya fi sauƙi, don abin da ya saba gani kafin ya cika wata 3 yakan ɗauke shi a matsayin na gida. Amma kada wannan ya ruɗe ka: daga wata 6 har ya wuce shekara ƙuruciya ke ɗibarsa, kuma a wannan tsakanin ne yawancin karnukan kirki ke kashe kazarsu ta farko. Karen farauta kuwa, wanda aka koya wa bin zomo da gafiya, ni ba na ba da shawarar a gwada shi ma. A bar shi a kan karɓa-karɓa.

Ka fara da kare a igiya, ya ƙoshi, ya ɗan yi yawo ya gaji, kaji kuma suna bayan raga. Tsaya da shi nesa, inda zai iya ganinsu amma in ka kira sunansa ya juyo. Ya juyo, ba shi ɗan abu: guntun ƙuli-ƙuli, kan busasshen kifi. In bai juyo ba, kun yi kusa da yawa, ja baya. Minti 10 safe da yamma ya isa. In ka daɗe gundura zai yi. Kowace rana ka ɗan matsa.

Zaɓi kalma ɗaya ta hani, kamar "bari", kowa a gidan ya riƙe ta. Gidanmu ana Hausa, ana Fillanci, yara kuma sun dawo daga makaranta da Faransanci, sai ya zamana mutum huɗu na yi wa kare tsawa da harshe uku. Kare ba tafinta ba ne.

Jikinsa za ka riƙa karantawa, ba jela kawai ba. In ya kafe kaza ɗaya da ido, jiki ya sandare, kunnuwa suka miƙe gaba, ya sunkuyar da kai yana taku a hankali, to ya riga ya shiga farauta. A nan za ka ce "bari" ka juya da shi, kada ka jira sai ya zabura. In kuwa yana hamma, yana shinshina ƙasa, ya kwanta ya ba su baya, to ana samun ci gaba. Abin da kake nema shi ne kaji su gundure shi. Karen da ke son wasa da su bai fi mai son cin su aminci ba, don kaza ba ta jure wasan kare.

Bayan mako ɗaya ko biyu a haka, shiga da shi cikinsu da doguwar igiya lokacin da suke cin abinci a natse. Daga nan ka saki igiyar tana ja a ƙasa, yadda in ya motsa za ka taka ta. Daga nan babu igiya amma kana wurin. Sai ya yi makonni yana haka, har kaza ta yi fiffike ta ruga a gabansa bai ɗaga kai ba, sannan za ka fara barin su na ɗan lokaci. 'Yan tsaki su ne na ƙarshe, don kukansu da gudunsu na tayar da abin da babbar kaza ba ta tayarwa.

In ya riga ya kashe fa? Duka bayan awa biyu ba ya koya masa komai sai tsoronka. Bai san abin da ya haɗa sandar da kazar ba. Rataya masa mushen a wuya, kamar yadda wasu ke yi, ƙuda da cuta kawai yake jawowa. Ana cewa in ya ɗanɗani jini shi ke nan. A ganina ba jinin ba ne, daɗin bin ne, kuma duk bin da ya yi ya ƙara masa sha'awar na gaba. Koma da shi matakin farko, in ya sake, to ka san irin karen da kake da shi: na dare ne kawai. Mai shan ƙwai kuma, ka riƙa kwashe ƙwai sau biyu a rana, ka ƙanƙanta ƙofar da kaji ke bi ta yadda kafaɗarsa ba za ta shiga ba.

Kada a jefa masa mushen kaza, ko da kuwa ba shi ya kashe ba. A binne da zurfi ko a ƙone. Ban da koya masa cin kaza, kare na jan mushe daga gida zuwa gida yana raba cuta. Kuma a nan zan ɗan ratse: duk ɓarnar tunku da shirwa ba ta kai ta annobar nan ta Niyukasil ba, wadda ke share akurki cikin 'yan kwanaki, galibi da hunturu, kaji su yi zugum, su yi koren zawo, wuya ya murɗe. Ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma a nan kusa da mu, a Bokle, cibiyar LANAVET ke yin alluran dabbobi. Je ofishin ma'aikatan dabbobi kafin sanyi ya shigo, ka tambayi lokacin maimaitawa. Kazar da ka sayo a kasuwar Pitowa ko aka ba ka kyauta, ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin naka. In kaji suka fara mutuwa da yawa lokaci guda, ka kai rahoto, kada a yanka a ci, don wataƙila murar tsuntsaye ce. A Marwa aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Kamaru a 2006.

Shi ma karen yana da tasa allurar. Wanda ke kwana a waje yana haɗuwa da dila da karnukan da ba su da mai su, kuma ta cizo ciwon haukan kare ke yaɗuwa. A yi masa rigakafi daga wata 3, a riƙa sabuntawa. A Injamena an yi wa karnukan birnin allura unguwa-unguwa a 2012 da 2013, ciwon ya ja baya ƙwarai, wanda ke nuna ta kan kare ake tare shi. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, ba a jira a ga hali ba.

Akwai kuma wata ƙuma da ke maƙalewa a kewayen idon kaza da tukkunta kamar baƙin barkono, ita ce kuma za ka gani a gefen kunnen kare. In ka yi wa ɗaya magani ka bar ɗaya, aikin banza ne. Shafa wa kajin man basilin a wurin, a share shimfiɗar akurki da ta kare a ƙone, a ajiye wa kaji toka da yashi su yi birgima.

Mataki na biyar: zomo

Zomon daji bai taɓa cin kaza ba, bai shan ƙwai, kuma maƙwabcina ya zalunce shi. Ganye yake nema: wake, gyaɗa, salak, 'ya'yan zogale da suka fara tsiro. Ya fi matsowa gida da rani in daji ya bushe, lambunka kuma shi kaɗai ne kore. Shi ba ya haƙa rami kamar zomon gida, wanda asalinsa daga Turai ne. A cikin ciyawa yake lafewa da rana, ya fito da dare. Don haka ramin da ka gani a gindin akurki ba nasa ba ne, nemi gafiya.

Amma maƙwabcin nawa bai yi kuskure duka ba. Inda zomo ke kai da komo, masu cinsa na bin sawu, kuma in sun iso suka ji warin kaji, sun sami abin da ya fi zomo sauƙin kamu. Na biyu, kuma wannan ya fi damuna, zomo na ɓata horon kare. Karen da ya kwana yana tseren zomo a lambu, da safe jininsa a tafashe yake, kaza ta gifta da gudu sai ya bi. Na uku, yana iya kawo kaska da ƙuma.

Maganin duka ukun ɗaya ne: raba lambu da akurki, ka kewaye lambun da raga mai tsawon mita 1, gindinta a binne kaɗan don kada ya kutsa. Wannan shingen zai hana kajinka ma tone maka shuka, wanda in za a faɗi gaskiya sun fi zomo ɓarna. Sare doguwar ciyawa da ke tsakanin gida da gona, ka kwashe tarin kara da itace daga jikin akurki. Kada ka ɗana tarkon waya a kusa da gida. Abin da zai kama kazarka ce, ko ƙafar karenka, ko akuyar mutane.

In yara suka tsinci ɗan zomo a ciyawa suka ce uwarsa ta yar da shi, su mayar. Da gashinsa da idonsa a buɗe ake haihuwarsa, uwar kuma takan bar shi a ɓoye ta dawo ta shayar da shi in dare ya yi. A gida da wuya ya rayu, a cikin kaji kuwa tsattsage shi za su yi. Haka ma in kana kiwon zomon gida, kejinsa ya zama a sama, daban, don kaji na cin jariransa kuma abincinsu ba ɗaya ba ne.

Maciji da guba

Maciji ɓera yake bi, ɓera kuma hatsi yake bi. Kada a bar dusa ta kwana a kasko, a ajiye buhu a cikin duro mai murfi. Kada kowa ya zura hannu a akurki ko tukunyar ƙwai cikin duhu ba tare da ya haska ba, a gaya wa yara wannan har su gaji da ji. Kwarin Binuwai ƙasar kububuwa ce, gamsheƙa kuma na son ƙwai kuma tana tofi. In ta tofa wa mutum a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a tafi asibiti. In sara ne, kada a tsaga kada a tsotsa, a hanzarta kai shi inda ake da allurar dafi.

Guba kuwa, wadda wasu ke zubawa a mushe don dila ko karnuka, ka nisance ta. Ba ta zaɓe. Karenka zai ci, kajinka za su tsattsagi abin da ya rage, ungulu su sauka su mutu da yawa a wuri ɗaya, ga su dama sun yi ƙaranci har a mahauta.

In karen na maƙwabci ne

Wannan ya fi tunku wuyar sha'ani, don tunku ba ka gaisawa da shi a masallaci. Ka tabbatar tukuna, da sawu ko da ganin ido, kuma ka duba ko kajinka ne ke tsallakawa gidansa, don in haka ne rabin laifin naka ne. Sannan ka je da kanka, ba aike ba, ba kuma da mushen a hannu ba. Ni da abin ya same ni, bayan mun gaisa na ce, "Malam, wata 'yar magana ce ta kawo ni. Karen nan naka yana shigo mana da hantsi, jiya ya taɓa kaji biyu. Na ce gara in zo mu san yadda za mu yi tun yara ba su jefe shi ba." Ya ce, "Subhanallahi, Alhaji, wallahi ban sani ba. Nawa ne kuɗinsu?" Na ce ba biya na zo nema ba, ya dai riƙa ɗaure shi daga asuba zuwa magariba, ni kuma zan toshe kafar da ke dangar tsakaninmu. Da bai ji ba, da sai in kai wa jauro, wato mai unguwa, shi ya kira mu ya raba. Bai kai ga haka ba. Washegari ya aiko yaronsa da zana biyu da igiya, muka gyara dangar tare kafin azahar.